Ranar da Baba Maikifi Ya Gyara Fim ɗin Kaboyi

Ban taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, a shekarata ta ƙarshe kafin ritaya, ranar da aka mai da ni masanin harkar kaboyi. A lokacin ina mataki na goma sha biyu a aikin gwamnati, jami'in kula da dabbobi a wata ƙaramar hukuma ta fadamar Haɗeja. Ga waɗanda ba su san aikin ba, rabinsa allurar rigakafi ne, rabinsa kuma shiga tsakanin manomi da makiyayi. Na farkon kawai ake koyarwa a makaranta.

Shugaban sashenmu ya kira ni ofis ya miƙo mini takarda. Wani matashin darakta ne daga Kano, Nura, yake neman izinin sake yin wani tsohon fim ɗin kaboyi na Turawa, da Hausa, a wani ƙauye da ke bakin burtali, wato hanyar da aka ware wa shanu tsakanin gonaki. Na ce, "Ranka ya daɗe, mene ne haɗina da fim?" Ya ce, "Akwai shanu a ciki. Sa hannu a nan."

Na tambayi Nura me ya hana shi ƙirƙiro sabon labari. Ya ce, "Malam, tsofaffi sun kalli wannan a silima suna samari, suna marmarinsa. Yara kuma ba su taɓa gani ba, a wurinsu sabo ne fil. Kowa ya san ƙarshen, shi ya sa ake zuwa." Na karanta littattafai daidai gwargwado, ban taɓa jin an yabi labari da cewa an san ƙarshensa ba.

Matsalar ita ce 'yan wasan da ya zaɓa. Ya ce fuskokin gaske yake so, sai ya ɗauko Ardo Bello, makiyayi, da Malam Habu, manomin shinkafa. Waɗannan biyun shekara uku na yi ina zama da su a gindin tsamiya, tun da shanun Ardo suka shiga gonar Habu, kafin su yarda su gaisa a kafa duwatsun iyaka. Sulhun ko damina ɗaya bai ci ba. Nura ya ga yadda suka dubi juna a kasuwa ya ce irin wannan kallon ba a koyar da shi. Kowannensu kuwa ya amince ne don kada a ce ya ji tsoron ɗayan.

A rubuce, Ardo ne zai harbe Habu a tsakiyar gari. Na san dangin Habu. Idan ya faɗi a gaban jama'a ta hannun Ardo, ko da bindigar katako ce, washegari ba za a sami dutsen iyaka ko ɗaya a tsaye ba. Na faɗa wa Nura. Ya ce ai haka yake a na asali.

Ranar ɗaukar fim ɗin, da rana ta take, aka umarci mutanen gari su shige gida su rufe taga, kamar yadda Turawan suka yi. Yawancin gidajen ba taga, sai aka koma bayan zana ana leƙe. Aka sa wa mutanen biyu malafa, aka lanƙwashe gefenta, aka ba su bindigogin da kafinta ya sassaƙa aka shafa musu baƙin man takalmi. Suka tsaya, taku ashirin tsakaninsu.

Habu ya karanto nasa: "Garin nan ya yi mana kaɗan, ni da kai."

Ardo ya ce, "Ina zai ishe mu, kana turo gonarka cikin burtali?"

Wannan ba ya cikin rubutun. Na hango ƙannen Habu biyu suna ɗaga zana. Sai ga Baba Maikifi, tsohon masunci mai shekara kusan tamanin, da koma a kafaɗa, ya ratso tsakiya. "Subhanallahi! Haba Ardo, haba Habu, da girmanku?" Ya karɓe bindigogin, ya haɗa hannuwansu.

Nura ya tsai da ɗauka, ya yi masa bayani cikin ladabi cewa wasa ne. Baba ya ce ya sani. Aka sake. Ya sake fitowa, wannan karon da liman. A karo na uku aka zaunar da shi a benci kusa da ni, aka ce in riƙe masa hannun riga. Na riƙe. Ardo na kai hannu ga ƙugu, sai na ga rigar ba ta hannuna. A karo na huɗu har mai ɗaukar sauti ya ajiye sandar makirufonsa ya bi sahu yana ba da haƙuri.

Sau huɗu aka sa su musafaha a yini ɗaya, abin da ya ci mini shekara uku. Rana ta gasa su har suka koma gefe guda. Habu ya ce, "Baba, don girman Allah ka bari ya harbe ni, shinkafata na jiran ban-ruwa." Ardo ya ce, "Wallahi sau ɗaya zan harbe shi, Baba, kuma ni zan tashe shi." Ƙannen Habu suka fashe da dariya, suka saki zana.

Nura ya durƙusa gaban tsohon, kamar zai yi kuka. "Baba, me na yi maka?"

Baba ya ce, "Ɗan nan, na kalli fim ɗin nan a Haɗeja ina saurayi. Gari guda cike da mutane, maza biyu za su kashe juna, kowa ya rufe taga. Ba dattijo ko ɗaya a ƙasar? Shekara sittin abin yana damuna. Da na ji za a sake yi, na ɗauka shi kuka zo gyarawa. In ba haka ba, mene ne amfanin sakewa?"

Nura ya miƙe ya ce a kunna kyamara, a bar Baba ya shigo yadda ya ga dama. Na ji an ce a Kano an yi ƙorafin fim ɗin ba shi da ƙarshe. A wajenmu kuwa, duk gidan kallon da aka sa shi, da an zo wurin sai a miƙe ana tafi, alhali kowa ya san Baba zai fito.

A rahotona na rubuta cewa an kammala ba a rasa saniya ko mutum ba. Ku da kuke shiga aikin nan yanzu, ga abin da na koya: takardar sulhu tana cikin fayil, amma masu riƙe da sulhun su ne mutanen da ba sa iya zama bayan zana suna kallo. Ku neme su a kowane ƙauye, kuma idan aka ce ku riƙe su, kada ku matse. Ni dai har gobe, in an tambaye ni, cewa nake rigar ce mai santsi.