Ranar da Na Karkata Bakin Mai Labarai

Hutun da na gama aji uku a sakandare, Baffa, mahaifina, ya ce boko ya isa haka. Gwiwarsa ta fara ciwo, shanu kuwa ba sa kai kansu kasuwar Maigatari. Ni kuma yadda nake son makarantar nan, sai ka rantse a can aka binne cibiyata.

Muna cikin wannan ja-in-ja muka taso daga Sule Tankarkar zuwa Gumel, muka sauka gidan kawuna, ɗan kasuwar hatsi da bai daɗe da sayo talabijin mai baƙi da fari ba. Bayan magariba aka tayar da janareta, dattawan unguwa suka cika zaure. A aljihuna akwai mayen ƙarfe da na ɓalle daga lasifikar wata matacciyar rediyo.

A gaban mutane Baffa ya juyo ya ce, "Wai me ma ake koya muku a can?"

Na gyara zama. "Baffa, a cikin rana da walƙiya akwai wata iska mai tsananin zafi, ƙwayoyinta kullum so suke su watse. Amma in mayen ƙarfe na kusa, sai kowace ta riƙa kewaya wuri guda kamar akuya a turke, ba ta iya tsallakewa."

Baffa ya ce, "To, wa ya je ranar ya gano?"

Zaure ya kwashe da dariya. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce ai irin ƙwayoyin nan ne ke zana hoto a gilashin talabijin, kuma yanzu za su gani. Kafin kawu ya ce kul, na manna mayen ƙarfen a jikin gilashi.

Mai karanta labarai daga Kano, bawan Allah, bakinsa ya koma wajen kunne, hularsa ta zame ta yi tsini, shi kuwa yana ta karatunsa hankali kwance. Kawu ya saka salati. Wani tsoho ya fara laluben takalmansa. Ni kaina na tsorata, domin malaminmu a allo kawai ya zana abin, bai taɓa cewa ko fuska tana komawa daidai ba.

Na janye hannu. Baki ya dawo mazauninsa. Kawu ya kashe akwatin, ya lulluɓe shi da zane, kallo ya ƙare ke nan.

Washegari muka shiga motar komawa. Na riga na fid da rai, har na fara tunanin sandar kiwon da za ta dace da hannuna. Sai da muka hango gari Baffa ya yi gyaran murya.

"In hutu ya ƙare ka haɗa kayanka ka koma," ya ce. "Wanda zai zauna a Gumel ya murɗe bakin mutum a Kano, ba zan bar masa shanuna ba."