Ranar da Aka Ce Mu Ɓata Waƙar Amarya

Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo kafin in zo Makka, kuma abin da na taho da shi daga can bai wuce murya ba. Da ita na samu aikin da ke rubuce a igamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar. Ina yi wa wani kamfanin hidimar alhazai tafinta, ina kuma karanta sanarwar Hausa da ake sakawa a motocinsu. Idan ka taɓa jin wani yana roƙonka cikin natsuwa kada ka manta takalminka a ƙarƙashin kujera, mai yiwuwa ni ne.

A unguwar Hindawiyya nake zaune. Ƙasan benenmu shagon wani tsohon tela ne ɗan Fakistan, ɗakin da ke jikin nawa kuma na ɗansa ne. A Makka aka haifi ɗan, ya haura talatin, Larabcinsa ya fi yaren ubansa kyau. Tun yana ƙarami wani kawunsa ya koya masa tabla, 'yan gangunan nan biyu da ake bugawa da yatsu. A ɗakin ya tara su, da wani akwatin kiɗa mai zuga-zugi, da kwamfuta, da makirfo. Ya manna tsofaffin katifu a bango don kada sauti ya fita waje. Bai fita waje ba kam, ɗakina yake shigowa.

Aikinsa shi ne ya buga kiɗan kakanninsa, ya zuba a kwamfuta, ya yayyanka, ya jera, sannan ya shimfiɗa wani gurnani a ƙarƙashi kamar na janareto mai ladabi. Ni da na girma ina jin waƙoƙin Indiya a kowane shagon aski, rabin abin na gane shi. Ɗaya rabin kuma na yi haƙuri da shi, saboda haƙƙin maƙwabtaka.

Uban bai yi haƙuri ba. Wata rana ya tare ni a ƙofar shago, awo rataye a wuya, ya kira ɗan, ya ce in zama shaida. Yana bukatar ɗakin don ya saka keken ɗinki na biyu. Ya ba shi zuwa ƙarshen aikin Hajji. Idan aka samu mutum ɗaya mai mutunci da ya yaba wannan sana'a a gaban jama'a, ɗakin ya zauna yadda yake. Idan ba a samu ba, ganguna su fita, keke ya shiga, ɗan ya zauna a kansa. Da ya ce mai mutunci sai ya shafa gemunsa, don mu san irin mutuncin da yake nufi. Ni ba ni da gemun kirki, saboda haka matsayina bai wuce na shaida ba.

Ana haka sai aiki ya zo daga unguwar Rusaifa. Wani ɗan kasuwa ne, jikan Hausawan da suka zo Hajji da ƙafa suka zauna, zai aurar da 'yarsa. Ita ce ta ji kiɗan ɗan telan a waya, ta ce shi take so ya haɗa mata zaffa, wato waƙar da ake rako amarya da ita cikin zauren mata. Uban ya yarda, da sharaɗin da gidaje da yawa a nan suke gindayawa: bidun musika. Ban da kayan kiɗa. Muryar mutum kawai, sai mandiri idan an matsa. Akwai masu wannan sana'a birjik a gari, ƙarti ne da suke jeruwa a bayan mawaƙi suna "aaa" da "uuu" a gurbin goge da sarewa, kowa ya ji ya san maneji ake yi.

Na zaci sharaɗin zai karya wa ɗan tela gwiwa. Sai ga shi yana buga mini ƙofa yana dariya.

"Ya ammi, ba su san da wa suke magana ba," in ji shi, don kawu yake kirana da Larabci. "Kowane bugu na tabla yana da sunansa a baki. Kafin kawuna ya bar ni in taɓa fata, sai da na shekara ina cewa dha, dhin, na, tin. Zan yi musu kiɗan gaba ɗaya da baki. Abu ɗaya na rasa."

"Hankali?"

"Murya mai kauri. Tawa siririya ce. Taka nake so."

Haka mutumin da ya saba karanta labaran duniya ya koma tsayawa tsakanin katifu biyu bayan la'asar yana cewa "dum". Mako uku muna yi. In na yi "dum" sau ɗari, sai ya ce na arba'in da wani abu ya ɗan yi kyau, a sake. Da an kira magariba mu tashi. Shi kuwa ya bi kowane sauti ya goge numfashi, ya goge motsin leɓe, ya daidaita tsayi da gajarta, ya ɗora wannan kan wancan. Da ya gama ya saka mini, na nemi muryata a ciki na rasa. Tabla nake ji da gurnanin lantarki, kuma ba a taɓa fata ko waya ba. Ba na yabo da sauri, amma abin ya yi kyau.

Aka sa mana rana mu kai a saurara. Muka tafi Rusaifa a tasi, ni da shi da ubansa, wanda ya ce zai zo ya gani da idonsa. A majalisi muka tarar da uban amarya da wansa. Wan dattijo ne mai gemu daidai irin wanda tela yake nema, kuma a gidan ba a yanke komai sai da shi, daga aure har kalar labule. Aka zuba gahawa, aka miƙo dabino, aka saka waƙa.

Na lura da ƙafar wan ta dama. Ta bi kiɗan daga farko har ƙarshe ba tare da izininsa ba. Da aka gama sai ya ajiye finjalinsa.

"Astagfirullah. Wagga ai musika ta."

"Wallahi ya shaikh, baki ne kawai," in ji ɗan tela.

"Bakin wa? Na aljannu? Ya waladi, yaro, na girme ma ubanka. Ganga ni ka ji, ga kuma wani inji yana ruri ƙasa."

Tsohon tela ya sunkuyar da kai, yana kallon kafet kamar yana auna inda keke zai zauna. Na ga ba makawa.

"Alhaji," na ce, "injin nan da ke ruri, ni ne."

Uban amarya ya juyo. "Kai, Malam? Kai da kake mana sanarwa a mota?"

"Ni ɗin."

"To bismillah," in ji wan, yana gyara zama. "Tada injin mu jiya."

Na ajiye dabinona, na miƙe, na gyara wuyan riga yadda nake yi a gidan rediyo kafin a kunna jar fitila, na ce "dum". Ɗan tela ya shigo da dha dhin dhin na. Muka yi kusan minti biyu. Uban amarya ya toshe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. Wan ya yi dariya har sai da ya share ido.

"Na yarda," ya ce. "Wallahi na yarda. Malam, Allah shi ƙara ma lafiya, ba ka mutuwa da yunwa."

Ɗan tela ya fara murmushi. Ya yi saurin murna.

"Amma mu munka gani," wan ya ci gaba. "Matan da za su cika zaure sun gani? Ba ku shiga wajensu. Ko tsayawa za ku yi bakin ƙofa kuna yi ma ko wace dum-dum? Gobe a tashi da zance cikin Rusaifa da Tandabawi, a ce gidanmu an sa musika. Ka koma ka gyara, yadda kowa ya jiya zai san baki na."

Wato laifin waƙar shi ne ta yi kyau fiye da yadda halal ta saba yi a kunnen jama'a.

Muka hau tasi har muka kusa gida. Sannan ɗan ya fashe.

"Mako uku ina goge numfashi, ya ammi! Ɗaya bayan ɗaya! Yanzu in mayar?"

"Kana da zaɓi," na ce. "Ana cewa keken zamani ba ya ba da ciwon baya sosai."

Uban ya leƙa ta taga.

Kwana biyu ban ji motsi ta bango ba. A na uku ya fara. Ya mayar da numfashin duka, da motsin leɓe, da gyaran muryata, da wani wuri da iska ta ƙare mini a tsakiya na ja ta da ƙarfi kamar mai fitowa daga rijiya. Ya yi aikin fuska a murtuke, kamar mai yaga rigar da ya ɗinka da hannunsa.

Muka koma Rusaifa. Wan ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Yanzu ka yi magana. Kowa ya jiya ya san wahala a ka sha."

Ranar biki muna ɓangaren maza, ba mu ji komai ba sai guɗa daga nesa. Bayan an ci abinci, wan ya kama hannun tsohon tela a gaban mutane, ya ce Allah ya ba shi ɗa mai sana'a kuma mai tsoron Allah. Tela ya dube ni, ni shaida, na gyaɗa kai. Ɗakin ya zauna yadda yake.

Daga nan aiki ya riƙa zuwa, kowa yana cewa irin ta Rusaifa yake so, mai numfashin nan. Ɗan tela ya saka ta a intanet ba da son ransa ba. Sai ga masu sharhin kiɗa daga ƙasashen da bai taɓa zuwa ba suna rubutu a kansa. Ya fassara mini wani, wanda a ganinsa jan iskar nan ta tsakiya alama ce ta ruhin da ke neman Mahaliccinsa a cikin duniyar injuna. Na tuna ranar sarai. Na ci shinkafa da rago ne na hau bene da sauri. Yanzu har Jidda ake gayyatarsa, ya zauna da tabla a gabansa da kwamfuta a gefe, kuma ba ya fitar da waƙa sai da numfashi a ciki. In babu, kirana yake yi in zo in yi.

Kwanan baya na ce ya saka mini ta farkon, gogaggiyar, wadda mu biyar kaɗai muka taɓa ji. Ya daɗe yana nema kafin ya same ta. Ba ta kai rabi ba ya kashe.

"Kamar babu kowa a ciki," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Na roƙe shi kada ya faɗi haka a waje. Dattijon nan, wan uban amarya, yana nan lafiya, yana yanke hukunci kan abubuwan da ba su shafe shi ba. Idan labari ya kai masa cewa ya taɓa yin daidai a kan kiɗa, mutanen Rusaifa ba za su sake hutawa ba.