Masu Haya a Jirgin Glenys

Shekara talatin da ɗaya Glenys Zadow ta yi tana zaune a jirgin ruwan da yake gidanta, ɗaure a bakin kogin Murray, ƙasa da garin Mannum kaɗan. Girki da fenti da tuƙi nata ne. Inji da tankin bayan gida kuwa na mijinta Merv ne, kuma baƙo bai taɓa shiga jirgin nan ya yamutsa hanci ba. Duk Lahadi da safe a lokacin zafi, Merv yakan ɗauki wata lanƙwasasshiyar waya ya zagaya bayan jirgin.

"Ina kuma za ka, tsoho?"

"Zan gaida masu haya."

Ba ta taɓa bin ba'asi ba. Dama shi mai irin wannan zance ne.

A lokacin sanyi Merv ya rasu. Zafi na kamawa, jirgin ya fara wari.

Sau biyu a wata guda ta kai aka zuƙe tankin. Ta zuba shuɗin magani, ta bi shi da bilic. Warin ya yi kwana biyu a ɓoye, ya dawo ya shiga har labule.

'Yarta Raelene ta zo daga Adelaide, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kai, Mama! A nan kike cin abinci?"

"Ki bar hancin naki a mota mana."

"Ba wasa nake ba. Aikin nan ya fi ƙarfinki. Ga ɗaki can na gyara miki. In na dawo Lahadi na tarar da jirgin nan haka, tare za mu tafi."

Glenys ta ci gaba da goge kofi.

Washegari ta ɗauki shayinta ta zauna a baya, kan kujerar Merv, wadda ba ta taɓa ba tun rasuwarsa. Tana nan sai ga zanzaro ɗauke da laka. Ya shige wata 'yar kafa a jikin jirgin, bakin bututun da tanki ke shan iska ta nan. Ya fito, wani ya shiga.

Ta daɗe tana kallonsu.

Wayar tana nan a ƙusa, ƙarƙashin hularsa. Ta durƙusa da ƙyar, ta zura ta cikin bututun a hankali, busasshiyar laka ta yi ta zubowa cikin kogi. Da bututun ya buɗe, warin da ya buso sai da ya sa ta hawaye. Ba ta yi saurin sharewa ba.

Da ta ɗaga kai, ta ga guntayen tiyo ɗaure da igiya a ƙarƙashin rufi, kowanne cike da tsohuwar laka. Ashe ba korar zanzaron Merv yake yi ba, ɗaki yake sauya musu. Ta yanko sababbi guda biyar ta ɗaura. Ta kai aka ɗauraye tankin da ruwa zalla, ta ajiye bilic.

Ran Lahadi Raelene ta iso da kwalaye a bayan mota. Ta tsaya a ƙofa tana jan hanci. Ƙamshin gasasshen burodi kawai ta ji.

"Me kika zuba masa?"

"Ba komai. Numfashi yake so."

Glenys ta miƙa hannu ta ciro wayar daga ƙusa.

"Ina kuma za ki, Mama?"

"Ɗora mana ruwan shayi, 'yar nan. Zan gaida masu haya."

Kwalayen ba su fito daga mota ba.