Ƙullin da ke bakin gyalen Inna

Ranar Talata ce, ƙarfe goma da kwata na safe, kuma har in mutu ba zan manta da ita ba. Mu uku ne a wurin: ni, da mahaifiyata, da wata nas da ban taɓa gani a ɗakin ba. Karo na uku ke nan da na kawo Inna asibiti daga unguwar Gomari don a ɗaura mata maganin sankarar mama.

Na riga na san tsarin. Kafin a ɗaura maganin, sai an yi mata allurar hana amai ta jijiya. Da allurar nan take iya riƙe ko da kunu.

Nas ɗin ta karɓi 'yar kwalbar da na sayo, ta kama hannun Inna tana duban agogo. Ta saki, ta sake kamawa. Sai ta jefa kwalbar a aljihunta, ta ce a dakata.

Aljihun nan na tsura wa ido. A aikina na rediyo na sha jin koke cewa ana karɓe maganin majinyaci a yi masa allurar ruwa. Ban taɓa tabbatar da ko ɗaya ba, amma na riƙe a raina. Na matsa inda zan riƙa ganin hannuwanta duka biyu.

Ta tambaye ni ko Inna na shan wani magani a gida. Na ce babu, da irin muryar da nake karanta labarai. Ba ta musa ba. Ta sunkuya ta gaida Inna da Kanuri, sannan ta ce, "Mama, mene ne a bakin gyalen nan?"

Inna ta ce goro ne. Ni kuwa na san ta bar goro tun da bakinta ya fara gyambo. Nan zargina ya sauya wuri.

"Inna, kwance mu gani."

"Yau kuma ni ce baƙuwar shirin naka?"

Da ƙyar ta kwance. Ƙwayoyin maganin zazzaɓin cizon sauro ne a leda, babu kwali. Goggona ce ta sayo mata a wani kemis a Gamboru da ta ji jikinta da zafi. Kwana uku Inna tana sha a ɓoye, don ta san zan yi wa Goggo magana. Ta ce mutum ba zai tako ya kawo maka alheri ka ce ba ka so ba.

Nas ɗin ta kira likita ta miƙa masa kwalbar, aka yi gwajin zuciya. Ya ce allurar ba ta damun yawancin mutane, amma takan taɓa bugun zuciya, wasu magungunan zazzaɓi ma haka, kuma bugun Inna ya riga ya karkace. Da an haɗa su, da abin ya iya yin muni. Ya ƙara da cewa duk zazzaɓin da ya kama ta, asibiti za a kawo ta nan take.

Na amsa da "babu" a kan abin da ban bincika ba, kuskuren da ba zan yafe wa kowa ba a ɗakin labarai. Tun ranar na koyi cewa mai jinya ba ya rantsuwa a kan abin da majinyaci ke sha sai ya tambaya, ya kuma duba.

An ɗage maganin da mako ɗaya, aka sauya mata allurar aman. Na yi wa Goggo magana, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata.