Jarkar Alhaji Isiyaku

Ranar Talata bayan La'asar, cikin zafin watan Yulin bana na 2019, Yohanna, makanikin kamfaninmu, ya kira ni a waya. Ya ce, "Malam Bashir, nemi wuri ka zauna. Alhaji Isiyaku ya rasu. An samu motarsa tsaye a gefen hanyar Liwa, can cikin hamada."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, gare Shi Alhaji ya riga mu komawa.

Da bakina ya buɗe, tambaya ɗaya na iya yi: "Akwai mai a motar?"

Yohanna ya ce, "Abin da aka gaya mini shi ne jarkar da ke baya babu ko ɗigo."

Ya kamata in bayyana wa mai karatu abin da ya sa wannan amsa ta kashe mini jiki. Kamfaninmu, a nan ƙasar Larabawa inda muke ci-rani, yana ba da hayar manyan janaretoci ga masu aiki a cikin hamada. Alhaji Isiyaku, mutumin Haɗejiya, shi ne babban direbanmu, yana jan su a kan tirela da wata ƙatuwar a-kori-kura mai shan dizal. Ni kuwa aikina shi ne tsara tafiya: inda za a sha mai, da nisan da tanki zai kai. Ni na tsara wannan tafiyar. Idan lissafina ya gaza, to dattijo ya tsaya shi kaɗai cikin rairayi, injin a kashe, babu sanyi, a lokacin da ƙarfen mota ke ƙona hannu.

Ban yi makarantar kanikanci ba. Ɗan abin da na sani daga ƙananan littattafan da ke zuwa da motoci na koya, kuma Alhaji bai taɓa raina su ba. Yakan zo ofis ya ce, "Akawu, karanta mini abin da masu motar suka ce." Daga nan ya ɗauki al'adar gwada iskar taya kowace safiya da sassauta totur a doguwar hanya. Amma idan na gama karatu, sai ya ƙara nasa. Yakan ce, "Motar da ke cikin takarda ba ta jan komai. Tamu ciki biyu gare ta, nata da na tirela." Ya nuna mini yadda kaya mai nauyi ke sa ta shan kusan ninkin abin da take sha ita kaɗai, yadda iska mai tahowa ta gaba ke cin nata rabon, yadda na'urar sanyi ke tsotsa ko mota na tsaye. A kan haka muka yi yarjejeniya: idan ana jan kaya, rabin tanki shi ne ƙarshen tanki.

Sai jarkar. Kullum cike take a bayan motar, kuma bai yarda in sa ta cikin lissafi ba. Na taɓa roƙonsa, ya yi dariya ya ce, "Khalas, a bar zancen nan, Akawu. Wannan rabon baƙo ne. Ka yi lissafinka kamar babu ita." Saboda haka da na ji ta bushe, abu ɗaya na fahimta: tanki ya ƙare har Alhaji ya taɓa abin da ba ya taɓawa.

Washegari muka tafi ni da Yohanna ɗauko motar. Muka same ta a inuwar wani ɗan masallacin matafiya, an faka ta daidai, an sa wa tayoyin tirela duwatsu kamar yadda ya saba. Na kasa taɓa makullin. Yohanna ne ya murɗa, injin ya tashi bugu ɗaya. Na zuba wa allurar mai ido tana hawa, har ta wuce rabi ta tsaya.

Muna nan wani Bafakistane mai jigilar ciyawar raƙuma ya ƙaraso, ashe tun safe yake jiran masu motar. Da Larabcinsa gutsi-gutsi ya ba mu labari. Mai ne ya yanke masa, motoci suna ta wucewa, sai Alhaji ya tsaya ya juye masa jarkar gaba ɗaya, ya ƙi karɓar komai, ya ce ya biyo shi su yi Azahar. Sun yi salla tare da wasu matafiya. Bayan sallama Alhaji ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, zai ɗan kishingiɗa. An ba shi ruwa ya sha, an kira motar asibiti, amma kafin ta iso ya cika da kalmar shahada, kansa a cinyar mutumin nan.

Na zauna a kan matakalar masallacin na yi kuka, kuma ina shaida cewa rabin kukan na godiya ne. Mutuwa ba ta same shi a yashe ba. Ta same shi da alwala, cikin inuwa, a tsakiyar mutane.

Yohanna ya cika jarkar kafin mu juyo. Daga baya sabon direban da ya maye gurbin Alhaji ya tambaye ni ko zai iya dogara da ita a hanya. Na ce masa ya yi lissafi kamar babu ita.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Isiyaku, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya masa makwanci kamar yadda Ka tanadar masa inuwa a ranarsa ta ƙarshe. Ka ba matarsa Hajiya Rabi da yaransu a Haɗejiya haƙuri, da abokan ɗakinsa a unguwar ma'aikata ta Muhaisnah waɗanda har yanzu ba su naɗe shimfiɗarsa ba. Duk ranar da iyalinsa suka tsaya a hanyar rayuwa, Ka turo musu mai tsayawa. Amin.