Tudun Doya Na Bakwai

Ba zan rantse a kan shekarar ba, amma ina jin ina ɗan shekara bakwai, ina aji ɗaya a wata firamare a Karu. Mahaifina Bazazzage ne mai shagon robobi a kasuwar Gudu. Mahaifiyata kuwa Gbagyi ce, kuma uwarta, wadda muke kira Kaka, tana zaune a ɗakinta na ƙasa a bayan gidanmu. Akwai risho a gidan, amma Kaka ba ta yarda da shi ba. Da an idar da magariba sai ta hura itace a murhu, ta jefa doya a garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Ƙamshin ƙonannen ɓawon doya har yau yakan mayar da ni wurin.

A lokacin ina cikin damuwar da ban gaya wa kowa ba. Malamarmu takan ja dogon layi a allo, ta jera lambobi a kai daga sifili zuwa goma, ta nuna biyu ta ce a faɗi babba. Ta koya mana cewa wadda ka fara tararwa ita ce ƙarama. Ni kuwa tun ina shekara huɗu nake makarantar Islamiyya, idona ya saba fara karatu daga dama. Saboda haka bakwai nake fara tararwa kafin uku. Duk tambayar da aka yi sai in yi kuskure, kuma ban san me ya sa ba. Da Baba ya ga littafina karo na uku, sai na ji yana ce wa mahaifiyata, "Idan ya sake kawo sifili ranar Juma'a, a cire shi. Ya tsaya a Islamiyya, in ya tasa ya bi ni kasuwa." Wataƙila faɗa kawai ya yi. Amma Baba ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa na ɗauke ta da gaske.

Ranar Laraba na zauna bakin murhu na kasa cin doya.

"Angona, wa ya mutu?" in ji Kaka. Haka take tsokanata. "Ko ka yi sabuwar budurwa ta ƙi ka?"

Sauran yara suka yi dariya, ni na fashe da kuka. Da ƙyar na yi mata bayanin layi da lambobi. Kaka ba ta taɓa shiga aji ba, Hausarta ma wani lokaci takan ce wa namiji "ke". Ta juya doya, sannan ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce, "Ga wata can tana tahowa." Muka amsa, "Ta iso mu gan ta."

Wai akwai wata tsohuwa da ta tara tuddan doya goma a jere, daga ƙofar ɗakinta har bakin daji. A ƙarƙashin ɗakin gafiya da ɓera suke zaune. Gafiya takan je ta yi tono a tudu na uku, ɓera kuma a na bakwai. Wata rana gardama ta tashi a kan wanda ya fi yin nisa. Gafiya ta ce, "Dubi jikina, dubi naka. Ukuna ta fi bakwai ɗinka." Suka kai ƙara gun kwaɗo. Kwaɗo ya bari sai da ya ga hadari ya haɗu, sannan ya ce kowa ya je ya zauna a tudunsa, in ruwa ya sauko ya gudo gida. Ruwa ya kece. Gafiya tsalle uku ta yi ta shige rami, ko wutsiyarta ba ta jiƙe sosai ba. Ɓera kuwa sai da ya wuce na shida, na biyar, na huɗu, ya zo na ukun da gafiya ta bari, har yanzu da sauran tafiya. Ya iso yana rawar sanyi. Kwaɗo ya ce, "Ga shaida nan tana ɗiga."

Tana ba da labarin tana jan layi a ƙasa da bakin itace. Ta aje dutse ta ce ɗaki ne, ta jera ƙwayar gyaɗa goma. Ta ɗora yatsana a ta uku, nata a ta bakwai.

"Wa ya fi nisa da ɗaki?"

"Ke."

"To tashi, zagayo ta wancan gefen." Na zagaya, dutsen ya koma damana. "Yanzu fa?"

Na duba, na sake dubawa. "Har yanzu ke ce."

"Ashe ba ruwan doya da hannun da kake cin tuwo. Nemi ɗaki tukuna."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Lambobin da na ɗauka waƙa ce da ake rerawa, ashe kowace tana da mazauninta, kuma ba ta tashi daga nan ko ta ina ka tsaya. Na ce, "Kaka, bayan goma fa?" Ta miƙe da itacen, ta ci gaba da jan layin, ta wuce turmi, ta wuce inda hasken wutar ya tsaya, har muka daina ganinta. Sai muryarta muka ji: "Har yanzu akwai gona!" Ina jin ranar na fara tunanin abin da ba shi da ƙarshe.

Ranar Juma'a, kafin in amsa komai, na zana ɗan ɗaki a kan sifili. Malama ta ja masa layi da jan biro, ta ce ba darasin zane ake ba. Amma na ci takwas cikin goma. Baba ya daɗe yana kallon takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce in wanke kayan makarantata kafin Litinin. Bai sake tayar da maganar kasuwa ba.

Da na shiga sakandare aka nuna mana lambobin da suke ƙasa da sifili. Na dawo gida da gudu don in kama Kaka da kuskure. Na ce mata layin nata bai cika ba, ashe yana tafiya ta ɗaya gefen ma. Lokacin idonta ya yi rauni. Ta juyo wajen muryata ta ce, "To da kana tsammanin bayan ɗaki babu ƙasa?"

Ta rasu ina shekarar farko a jami'a. Yanzu na gama, ina koyar da 'yan aji ɗaya, kuma ni mutum ne mai yawan fargaba: sau biyu nake duba darasi kafin in shiga aji. Na karanta bayanai da yawa a kan yadda yara suke fahimtar lamba, ba zan ce ba su amfane ni ba. Amma in yaro ya ba ni amsar da ba daidai ba, nakan riƙe jan biron tukuna. Ban tabbata ba, amma ina zaton yawancinsu bin ƙa'ida suke yi da gaskiya, daga wani gefe da ni ban tsaya ba. Malamarmu ta yi wata uku tana ganin kuskurena. Tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba, ita ce ta fara neman ta ina nake kallo.