Ban-ruwa Don Idon Baƙo

Shekarar da rijiyoyin fadamarmu a Karofi suka ja baya, malamin gona ya ce tauraron ɗan'adam zai auna danshin ƙasa daga sama, inda alkama ta fi jin ƙishi can za a kai injinan ban-ruwa. Baffana, sarkin noman fadamar, ya tara mu, wai baƙo ba zai ga tsiraicinmu ba. Ya sa muka kwashe ɗan ruwan da ya rage muka malale gonaki. Hoton tauraron ya nuna mu jiƙe sharkaf, injina suka wuce zuwa fadamar Barkiya.

Alkamarmu ta ƙone a tsaye. Har yau Baffa yana bugun ƙirji a majalisa wai ya rufa mana asiri. In ya fara, takalmina nake nema.